Ƙarfe Mai Riƙo

Akwai wani mutum da aka yi a Birnin Ƙonni, a shekarun da gyaɗa ke da daraja, ana ce masa Chindo Mai Inji. Injin ba nasa ba ne. Na Alhaji Hassane ne, wani ɗan kasuwa da ya saye shi a hannun wani Bature da ya koma ƙasarsu bayan an samu mulkin kai. Amma duk wanda ya taɓa kai gyaɗa gidan ɓara da ke bakin hanyar Dogarawa ya san abu ɗaya: ranar da Chindo bai zo ba, inji ba ya tashi.

Gidan ba shi da wutar gari. Wani tsohon gurub, wato janareta, ne ke ba shi wuta daga wata rumfa can baya, kuma ba ya yini bai shaƙe sau biyu ko uku ba. A jikin bango akwai akwatin ƙarfe da ake kira tabulo, inda wayoyin inji suka haɗu. A cikinsa akwai rele huɗu, wasu baƙaƙen ƙarafa kamar sabulun wanki a girma, su ke buɗe wa wuta hanya su rufe.

Uku na aikin yau da kullum ne. Na huɗun daban yake. Da wuta ta ɗauke sai ya faɗa, wata ƴar ƙugiya da ke ɓoye a cikinsa ta kama shi. Ko wuta ta dawo ba ya saki. Inji zai yi ta kwanciya har sai mutum ya zo da kansa ya saki ƙugiyar nan.

Baturen da kansa ya nuna wa Chindo wannan, ya gaya masa dalili. Idan inji ya tsaya da gyaɗa a cikinsa, tilas ne mutum ya zura hannu cikin gangarsa mai haƙora ya kwashe ɓawo da tsakuwa. Ƙugiyar ce ke hana inji tashi alhali hannun mutum na ciki. Chindo ya raɗa wa ƙarfen suna Mai Riƙo.

Da maɓallin sakin ƙugiyar ya karye, sai Chindo ya samo wayar ƙafar keke, yana zura ta ta wata ƴar ƙofa ya taɓo ƙugiyar. Kuma kullum sai ya ba mutane baya ya kare da jikinsa kafin ya yi. Shekara goma sha huɗu babu wanda ya san abin da yake taɓawa. Wannan ne girmansa a garin. Ko a kasuwa ana miƙa masa tabarma.

Mai zura hannu cikin gangar kuwa ƙanensa ne, Iliyasu, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne, da damina yana gonarsa wajen Dogarawa, da rani ya zo aikin inji. Tun ranar da ya fara Chindo ya gaya masa:

"In wuta ta tahi, sa hannunka ba shakka. Inji ba ya tashi sai na tashe shi."

A kakar shekarar 1971 aka yi wa Chindo rasuwa a Illela, ya tafi gaisuwa. Washegari gurub ya shaƙe, wuta ta dawo, inji ya ƙi tashi. Kwana biyu motoci na jere a ƙofa, manoma na kwana kan buhunansu. Sai da Chindo ya dawo inji ya tashi. Bayan mako uku sai ga Alhaji Hassane da wani saurayi mai ɗan wando da biro a aljihu, mai suna Lurwanu, wanda ya karanci aikin lantarki a lakwal, wato makarantar boko, a Yamai.

Ranar farko Lurwanu ya tara ma'aikata yana kiran suna daga takardar da magatakardan Alhaji ya ba shi. Ya karanta yadda ya gani:

"Chindo, lebura."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Lurwanu ya ɗago yana dube-dube, bai san abin da ya faɗa ba. Nan take kuma Alhaji, wanda ke kiran Lurwanu Mushe, wato malam da Faransanci, ya miƙo hannu ya ce:

"Chindo, ba Mushe mabuɗin tabulo. Kai ka huta hakanan. Ka zauna bakin ƙofa ka riƙa duba ɗinkin buhu."

Chindo ya kwance mabuɗin daga igiyar wuyansa ya miƙa. Ya ce a ransa, mushe dai, ai ko ungulu ta san sunan.

Lurwanu ba mai girman kai ba ne, ko da yake Chindo ya so a ce hakan yake. Da ya ji labarin abin da ya faru ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri. Kuma da wuta ta ɗauke, shi ma sai ya kira Chindo da wayar kekensa, don bai gane abin da ke hana inji tashi ba. Rubutun jikin ƙarfen ya goge, murfinsa a manne yake, takardun injin kuma sun bi Bature.

Wata rana ya tsaya kusa da Chindo ya ce:

"Baba, wanga na huɗun, kullum sai ka taɓa shi kana ya saki. Tsuhwa ce ta sa shina maƙalewa, ko haka aka yi shi?"

Chindo ya ci gaba da zura basilla a bakin buhu.

"Ni mi na sani? Lebura ka tambaya? Kai ka je lakwal."

"Baba, lakwal ba ta koya mani wanga injin ba. Kai ka san shi."

"To ƙarhe ne, ya tsuhwa. Kowa ya tsuhwa maƙalewa yake."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Lurwanu ya biyo shi har gida da goro a ƙunshe. Ya ce Alhaji ya yarda a sayo sababbin rele daga Yamai a canza duka huɗun, yana son ya ji ko akwai abin da ya kamata ya sani kafin ya aika. Chindo ya karɓi goro, ya yi godiya, ya tambaye shi lafiyar iyayensa, ya rako shi har ƙofa. Maganar inji bai taɓa ta ba.

Matarsa Kubura tana tankaɗe a tsakar gida, duk ta ji. Ta ce:

"Malam, yaron ga ya zo da ladabi. Mi za ya rage ka in ka hwaɗa mishi abin da ya tambaya?"

"Ke kuma mi kika sani ga inji?"

"Ban san inji ba, amma na san ka. Wanda kake kira Mai Riƙo, ai ko shi kana taɓa shi da waya ya saki. Kai da mi za a taɓa ka?"

Chindo ya shuri takalminsa ya fita.

Bayan kwana ashirin sababbin rele suka iso cikin kwali, farare tas, murfinsu kamar gilashi ana ganin ciki. Chindo ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya duba ta sama ya duba ta ƙasa. Babu ƙugiya. Wuta ta zo ya kama, wuta ta tafi ya saki, wuta ta dawo ya sake kamawa. Ya gane sarai abin da hakan ke nufi.

Lurwanu ya yini yana aikin da natsuwa. Kowace waya sai ya ɗaura mata ƴar takarda kafin ya cire, ya goge, ya ɗaure. Da ya gama ya kunna, inji ya tashi lafiya lau. Ya kashe, ya mutu. Ya sake kunnawa, ya tashi. Ma'aikata suka yi tafi. Ya waiwayo ya ce:

"Baba, ka ga wani abu da na manta?"

A nan Chindo ya ji maganar ta zo masa har baki. Ya dubi Alhaji da ke ta murmushi yana dafa kafaɗar yaron. Ya haɗiye ta.

"Aiki ya yi kyau, Mushe."

Da aka watse ya ɗauko tsohon Mai Riƙo daga cikin shara, ya jefa a aljihun rigarsa.

Kada a ce Chindo ya yi niyyar a ji wa wani ciwo. Bai yi ba, kuma kullum yana maimaita wa kansa haka. Kusa da inda aka zaunar da shi, a bakin ƙofa, akwai babban makunni mai hannu, wanda ke yanke wutar ɗakin gaba ɗaya. Duk sa'ar da gurub ya shaƙe, sai Chindo ya miƙa hannu a ɓoye ya sauke shi. Iliyasu ya share gangar a tsanake. Sai Chindo ya ga ya fito da hannunsa, sannan ya mayar. Babu wanda ya lura. Kowa na cewa sabon ƙarfe ya yi, yanzu ba a jiran kowa.

Abin da yake jira shi ne ranar da ta dace. Ranar da Alhaji zai tsaya da kansa, sai ya bar makunnin. Wuta ta dawo, inji ya zabura da gyaɗa cushe a cikinsa, bel ɗin da ke juya shi ya tsinke, hayaƙi ya tashi. Sai a juyo a dube shi, shi kuma ya fito da Mai Riƙo daga aljihu ya ce ga abin da ɗan lakwal ya yar a shara. Bel ai ana sayen wani.

Kwana goma sha ɗaya yana wannan gadi. Ko fitsari ba ya nisa.

Rana ta goma sha biyu aka ce Alhaji zai kawo baƙi daga Tawa, manyan masu sayen gyaɗa, su ga yadda ya gyara gidansa. Da hantsi Chindo ya kira ƙanensa gefe.

"Iliyasu, yau ka bar wajen inji. Tahi waje ka taya su lodin buhu."

Iliyasu ya yi dariya.

"Yaya, yau da manya za su zo za ka kore ni? Ko rigata ce ba ta yi maka ba?"

"Na ce ka tahi lodi. Kada in gan ka cikin ɗakin ga sai la'asar."

"To wa za ya share ganga in wuta ta tahi?"

"Ba ruwanka."

Iliyasu ya ɗaga kafaɗa ya fita. Chindo ya bi shi da kallo har ya ga ya hau bayan mota. Hankalinsa ya kwanta. Ya so ya ƙara masa kalma ɗaya, amma kalmar nan ita ce za ta nuna ya sani.

Baƙi suka iso wajen azahar, su uku da manyan riguna. Alhaji na gaba yana nuni, Lurwanu na buɗe tabulo yana bayani da Faransanci. Suna cikin haka gurub ya yi tari, ya yi shiru. Inji ya tsaya.

Hannun Chindo ya tashi da kansa zuwa makunni, don ya saba. Ya dawo da shi ya ɗora kan gwiwa.

Alhaji ya ji kunya gaban baƙi. Ya ɗaga murya:

"Ina mai share ganga? Kai, ku kira Iliyasu! Maza!"

Akwai wata ƙaramar ƙofa ta bayan inji, inda ake fitar da ɓawo. Ta nan Iliyasu ya shigo da gudu, yana naɗe hannun riga. Daga inda Chindo yake zaune, manyan rigunan baƙi sun kare masa gangar. Ya ji an kira sunan, ya miƙe, ya leƙa ta nan bai gani ba, ya leƙa ta can. A ransa yana cewa ai yana kan mota, kafin ya sauko wuta ta dawo. Ya tsaya yana wannan tunani, makunni na bayansa taki ɗaya.

Daga can baya gurub ya tashi.

Ba zan faɗi abin da aka gani ba. Waɗanda suka ji ihun sun ce har bakin hanya aka ji shi. Chindo ne ya sauke makunnin, kowa ya gan shi, kuma daga baya kowa ya yaba masa saurinsa.

A motar baƙin aka kai Iliyasu asibitin Galmi. Likitoci sun ceci ransa. Hannun dama daga wuyan hannu babu shi.

Jandarma, jami'an tsaro, suka zo suka yi tambayoyi. Lurwanu bai yi gardama ba. Ya fasa wani tsohon rele irin wancan da ya samu a wajen wani makaniki a gari, ya ga ƙugiyar da idonsa, ya ce laifinsa ne, ya cire abin da bai gane ba, kuma bai gwada aikinsa da ɗaukewar wuta ba. Alhaji ya sallame shi. Labari ya bazu har Malbaza, inda Lurwanu ya so ya nemi aiki, babu wanda ya karɓe shi.

Ranar da zai bar garin ya zo yi wa Chindo sallama. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Baba, ka yahe mani. Ɗan uwanka na naƙasa."

Chindo ya kasa dubansa.

"Abu ɗaya dai ya tsaya mani a rai," in ji Lurwanu. "Kwana goma sha ɗaya wuta na tahiya tana dawowa, inji bai taɓa tashi da hannun Iliyasu ciki ba. Na juya shi ta ko'ina, na rasa dalili."

"Ikon Allah," in ji Chindo.

"Haka ne, Baba."

Ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha.

Bayan mako guda Alhaji Hassane ya zo gidan Chindo da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire takalmi, ya zauna kan tabarma, ya ajiye mabuɗin tabulo a gabansa. Ya ce ya yi kuskure, ya wulaƙanta wanda ya san aiki. Chindo ya mayar da tsohon ƙarfen wurinsa, ya goge ƙugiyar, inji ya koma yadda yake. Magatakarda ya soke kalmar lebura ya rubuta shef, wato shugaban ma'aikata. A kasuwa har tashi ake yi a ba shi wuri. Duk abin da ya nema ya samu, har da ƙari.

Kubura ba ta tambaye shi komai ba. Ta dai daina kallon fuskarsa in tana miƙa masa abinci.

Da ruwan shuka ya sauka Chindo ya ɗauki sungumi ya tafi gonar ƙanensa. Sungumi hannu biyu yake so, don haka shi ke sara a gaba, Iliyasu na biye da ƙwaryar iri a rataye, yana jefawa da hagu yana rufewa da diddige. Mutumin da a da shi kaɗai yake sare gonar nan kafin rana ta take.

Da rana ta yi zafi aka kawo musu fura ƙarƙashin wani gawo. Iliyasu ya riƙe ludayi da hagu, fura na zuba masa a gemu. Ya ajiye, ya daɗe yana kallon gona. Sannan ya ce:

"Yaya, ina da tambaya. Wata biyar tana cina."

"Ina jin ka."

"Shekara tara ina aikin ga. Ko zazzaɓi nake ba ka taɓa ce mani in bar ganga ba. Mi ya sa ranar ka ce in tahi lodi?"

Iliyasu ya ci gaba:

"Kuma ka ce kada ka gan ni cikin ɗakin sai la'asar. Na yi ta tunani a gadon asibiti. Na ce ko mafarki Yaya ya yi. Na ce ko wani malami ya hwaɗa mishi. Na nema maka hanya ta ko'ina, wallahi na nema."

"Iliyasu, ban yi nufin..."

"Na sani. Ba ni ka nufa ba. Da ni ka nufa da ba ka kore ni ba." Ya share gemunsa da dungun hannun. "Amma ka sani. Ka sani, kana zaune."

Chindo ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin ƙasa mai laima.

"Ba ni hwaɗa ma kowa," in ji Iliyasu. "Inna na da rai, ba ni kashe ta da wanga zance. Ran salla ka zo mu gaisa kamar kowa. Amma ɗauki sungumin ka. Gonata kada ka sake shiga."

"Wa za ya sara maka?"

"Da hagu zan koya."

Ya miƙe, ya rataya ƙwaryar iri, ya koma inda suka tsaya. Ya fara tona rami da diddige, ya jefa iri, ya rufe, ya yi taki ɗaya ya sake tonawa. Chindo ya tsaya a bakin gona da sungumi a kafaɗa har rana ta karkata. Ƙanensa bai waiwayo ba.

Darasi: Wanda ya ga haɗari ya yi shiru don a ji kunyar wani, da hannunsa a cikin abin da ya faru, ko da bai taɓa kowa ba. Ilimin da ke tsare rai ko lafiyar mutane amana ce, ba abin rama gayya ba ne, kuma ba ka da ikon zaɓar wanda shirunka zai faɗa wa. Idan an ɓata maka, faɗi ɓacin ranka a fili, amma abin da ka sani ka faɗe shi tun ana tambaya. Ku tura wannan ga ƴan uwa da abokan aiki, musamman masu sana'ar hannu. Wataƙila akwai wanda ke zaune da magana a bakinsa yau, yana jiran ranar da ta dace.